Na'urar da Ta Ɓace a Ghubaira

Da safiyar Alhamis Injiniya Sailuba ta buɗe ɗakin tsaro na kamfaninsu da ke unguwar Ghubaira, a can ƙasar waje, ta tarar babu na'urar da ke adana hotunan kyamarorin tsaro. Ba a fasa ƙofa ba, sanyin iya kwandishan na nan yadda ta bar shi, kayan gyara kuma ko ƙusa ba a taɓa ba.

Ƙaramin kamfani ne mai gyaran kyamarorin gano zafi na 'yan kwana-kwana. Mai shi, Abu Fahad, ya daɗe yana neman rajistar da za ta ba su izinin gyaran tabarau na ganin dare na sojoji, kuma Sailuba ya ɗora wa aikin. Ta ji daɗinsa ƙwarai, don ita mace ce mai son ganin komai a mazauninsa. Ran Lahadi masu dubawa daga hukuma za su zo su ga ɗakin, sannan a tantance ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Wurin da bai iya tsare na'urarsa ba, wa zai ba shi amanar kayan soja?

Ta sanar da Abu Fahad. Ya ce ya ba ta zuwa la'asar, in ba a samu ba zai kira shurɗa, wato 'yan sanda.

Ta fara da Yacouba mai gadi, dattijo ɗan Damagaram. Ya ce bai ga baƙo ba, kowa ya tashi aiki kamar kullum, kuma shi yatsansa ba ya buɗe wannan ƙofa mai makullin zanen yatsa.

"Baba Yacouba, ba abin da ya faru ko kaɗan?"

"Sai dai wuta, Injiniya. Jiya dab da magariba ina dafa shayi, butar lantarkin ta mutu. Kafin in miƙe ta dawo."

Ta leƙa garejin da ke maƙwabtaka da su, suka ce su wuta ba ta ko ƙifta musu ba.

Na biyu shi ne Mukhtari, mai bi musu takardu a ofisoshin gwamnati, wanda a 'yan kwanakin nan suka yi ta sa-in-sa da Abu Fahad. Amma jiyan tun la'asar yana wurin walimar suna a unguwar Al-Badi'a, mijin Sailuba ma a faranti ɗaya suka ci shinkafar kabsa. Ga shi ko ƙwan fitila Mukhtari bai iya canzawa ba.

Ta koma ɗakin ta tsuguna a gaban gurbin na'urar. An kwance wayoyin a hankali, an naɗe bakin kowace da tef, an jera su gefe guda. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta aika a kira mata Salmanu.

Salmanu shi ne ma'aikacin lantarkinsu, ɗan Kano, shi ya haɗa ɗakin nan da hannunsa. Ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Ina na'urar, Salmanu?"

"Anti, ni ma yanzu na ji."

"Ɓarawo fizge waya yake yi ya gudu. Wannan sai da ya kashe layin wutar ɗakin, wanda ya haɗa da ɗakin mai gadi, ni kaina ban san haka layin yake ba sai yau. Ya naɗe wayoyi don kada su haɗu su ƙone. Da ya gama ya mayar da wuta, saboda kada zafi ya lalata kayan mutane. Yatsu uku ke buɗe ƙofar nan: nawa, na Abu Fahad, da naka. A cikinmu wa ke tausayin waya haka?"

Ya zauna a kan akwati. Daga baya ya faɗi gaskiya. Iƙamarsa, katin zaman ƙasa, ta direba ce, a ƙarƙashin wani kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin shigowarsa ƙasar, da rabonsa da shi tun zuwansa. Da an fara tantancewa za a gane ba bisa ƙa'ida yake aiki a nan ba, a mayar da shi gida. So yake a ɗage ziyarar har ya samu mafita. Na'urar tana ɗakinsa a unguwar Al-Naseem, naɗe cikin bargo.

Kafin la'asar an mayar da ita, shi da kansa ya haɗa.

Abu Fahad ya yi faɗa sosai, har da kansa ya yi wa, tunda bai taɓa duba katin da kyau ba. Sailuba ta ce masa kada a ɓoye wa masu dubawa komai, kuma haka aka yi. Sun saurara, suka sa a canza makulli a cire yatsan Salmanu, suka ɗage ziyarar. Mukhtari ya yi ta zirga-zirga har aka mayar da iƙamar ƙarƙashin kamfanin, aka gyara sana'ar.

Ranar da izinin ya fito Abu Fahad ya sa aka kawo rago, aka shimfiɗa leda a tsakar kamfanin. Salmanu na nan, amma yanzu a ɓangaren kayan 'yan kwana-kwana kawai. Ana cikin ci fitilar ɗakin tsaro ta fara ƙyaftawa. Ya miƙe ya je har bakin ƙofa ya tsaya, yana gaya wa Sailuba wayar da za ta ɗaure, ita kuma tana ciki riƙe da sukundireba tana dariya.