Fuskar da Aka Kankare

Tela ne ya ji ƙarar. Ya ce ba ta ɓera ba ce, ba ta gara ba. Wani siririn kuka ne, kamar ana goga haƙori a jikin kwalba, yana ratso bangon da ya raba ɗakinsa da shagon mai hoto. Ya ja mayafi ya rufe kansa. Da gari ya waye mai hoto ya kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Sufeto ya iso da kofur ɗaya. Shagon tsoho ne, kakan mai hoton ne ya buɗe shi tun zamanin Turawa. A ƙuryarsa akwai akwatunan katako cike da gilasai, domin mutanen da a kan gilashi suke ɗaukar hoto, daga baya a wanke shi a takarda.

"Me aka sata?" in ji Sufeto.

"Ba a saci komai ba, yallaɓai. Fuska aka ɗauke."

Mai hoton ya ɗaga wani gilashi ya saita shi da hasken taga. Mace ce zaune, da jarirai biyu a cinyarta. Ɗaya baƙa ƙirin. Ɗayar kuwa an kankare kanta tas, sai jiki fari fat.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa shi ba. An buɗe, an kuma mayar an kulle.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji kofur.

"Wa ya taɓa tambayar gilashin nan?"

"Malama kaɗai, wadda ta yi ritaya daga koyarwa. Asalin kakarta take bi."

Malama tana zaune a ɗakinta cikin takardu. Ta zana bishiyar danginsu a kwali ta manna a bango, reshe ɗaya ya tsaya a iska babu abin da ya riƙe shi.

"Kakata ce," ta ce. "A gidan kukun Baturen tashar jirgin ƙasa ta tashi. Matar kukun ta shayar da jarirai biyu a shekara ɗaya, tata da wata da aka ce Baturen ne ya haife ta da mai yi masa wanki. Ɗaya ta rasu kafin yaye. Wadda ta rayu ita ce kakata. Wacce ce a ciki, shi nake nema."

"Kamanninta ba su nuna ba?"

"Ba fara ba ce, ba baƙa ba. Ni da tamoji na san ta."

"Wa kika gaya wa zancen gilashin?"

"Ba kowa."

"Malama, kin yi shekara talatin kina kama yara da ƙarya."

Ta sunkuyar da kai. "Kawuna. Shi ne autanta, shi kaɗai ya rage. Na ce masa na ga jariran, ɗaya fara ɗaya baƙa, kuma jibi za a wanke."

"Mece ce sana'arsa?"

"Yankan makulli. Amma ya daɗe da bari."

Sufeto bai tafi wurin tsohon nan take ba. Ya koma shago ya ce a wanke hoton a yadda yake. Ya tsaya a ɗakin duhu yana kallon takarda cikin ruwan magani, mutanen da suka daɗe a ƙasa suna tasowa a hankali kamar masu fitowa daga rafi. Da hoton ya fito sosai sai ya dubi mai hoto.

"Haka abin yake?"

"Haka yake, yallaɓai. Duk wanda ya yi aikin nan bai san gilashi ba."

Kawu yana zaune a ƙofar gida, ya jingina sanda a gwiwa.

"Baba, ina ka kwana jiya?"

"Ina tsoho zai kwana? A kan tabarmata. Dubi hannun nan, ko cokali da ƙyar yake riƙewa."

Sufeto ya duba. Hannun yana rawa, gaskiya ne, amma akwai wani baƙin gari mai ƙyalli a ƙarƙashin farcen babban yatsa.

"Ka san mahaifin mahaifiyarka?"

"Kuku ne. Uwata 'yar halak ce, baƙa kamar ubanta. Tun ina yaro ake ce mini jikan Bature, na fasa bakin yara ba adadi. Yanzu tana kabari kuma wata 'yar boko za ta tono ta?"

Sufeto ya miƙa masa takardar.

Tsoho ya kai ta kusa da ido. Jaririya fara sol tana kallonsa, gashinta kwance. Ta kusa da ita, mai baƙaƙen hannuwa, ba ta da kai, sai tabo.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce. "Ai farar na kankare."

Kofur ya ciro littafi ya rubuta.

"Baba, gilashi a juye yake riƙe mutane," in ji Sufeto. "Fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Sai an wanke kowa yake komawa launinsa."

Tsoho ya sake duban hoton. Ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Ashe Inna na goge," ya ce. "Ba ta da wani hoton a duniya. Da reza na yi, Sufeto. Ni na buɗe kwaɗon."

Ba a sa masa ankwa ba. Kofur ya riƙe masa sanda ya taimake shi shiga mota, Malama da ta iso a lokacin tana biye tana cewa ta yafe, mai hoto ma zai yafe. Sufeto ya ce sai dai su faɗa a ofis.

Wata maƙwabciya tana tsaye bakin katanga da tsintsiya a hannu, ta ji komai. Ta leƙa hoton da aka bari a kan tabarma.

"To wai," ta ce, "wacce ce uwar tasa a ciki?"

Direba ya tayar da mota.