Burodin Kwana Uku

A garinmu na kan tudu a Toskana, kowa ya yarda cewa da kwano guda na kwaɗon tumatir Loredana ta shawo kan surukarta. Ni kuwa shekara arba'in ina koyarwa, ban taɓa ganin wadda ta faɗi jarrabawa wannan Lahadin ta zo ta ɗaya a ta gaba ba. Sai na bi sawun maganar.

A kasuwar Alhamis suka haɗu. Duccio na sayar da tumatirin gonarsu, Loredana kuwa baƙuwa ce daga Torino, tana aiki a kantin magani. Ta ce ya zaɓo mata waɗanda za su daɗe a firij.

"Firij? Laifin me suka yi miki?"

Ta yi dariya har ta manta jakarta. Shi ya kai mata. Kafin wata biyu yana kiranta 'yar tumatirina, yana maganar aure.

Mahaifiyarsa Erminia ba ta so ba, don ta riga ta sa rai da Fiammetta 'yar mai gidan burodi. Ta ce Loredana ta haɗa musu kwaɗon panzanella ranar Lahadi a gani, ta aika mata burodin kwana uku mai tauri, irin wanda ake jiƙawa a matse, a zuba tumatir, albasa, ɗoɗɗoya da man zaitun.

Loredana ta jefar da shi, ta sayo sabo mai laushi. Da ya sha ruwa sai ya koma kunu.

Gaban dangi Erminia ta ɗaga cokali, abin yana ɗiga.

"Ina wanda na aiko?"

"Ya bushe, Signora. Na jefar."

"A gidan nan ba a jefar da burodi. Amma wadda ta tashi cikin daɗi ina za ta sani?"

Loredana ta fita, fuskarta kamar wuta. Kwana uku ba ta ɗauki wayar Duccio ba.

Ya rubuta: "'Yar tumatirina, ni ba kwaɗo zan aura ba. Ki yi mini magana."

Ta amsa: "Duccio, busasshen burodi muka ci har na shekara sha biyu. Mamata sai ta ja labule kafin ta jiƙa shi, kada maƙwabta su gani. Na kasa ajiye shi gaban mahaifiyarka. Ka auri Fiammetta, ta fi ni dacewa."

Ya miƙa wa uwarsa wayar. Ta karanta sau biyu, ta tashi ta shiga lambu.

Lahadin da ta biyo Loredana ta shigo da kwano a rufe, kanta a ƙasa. Ina wurin. Erminia ta ɗanɗana, ta ce, "Ko ni iyakata ke nan. Zauna kusa da ni, 'yata."

A watan Satumba aka ɗaura aure a cocin gari. Erminia ta riƙe hannayensu ta sa albarka, Allah ya ba su zuri'a da zaman lafiya, kowa ya ce amin.

Bayan biki na sami Erminia tana wanke kwalabe. Aji ɗaya muka yi, ba ma ɓoye wa juna.

"Erminia, albasar ranar nan kauri gare ta kamar murfin littafi. Mutum ɗaya na sani mai wannan yankan."

"Ke dai Malama, bakinki bai tsufa ba."

"Ina jinki."

Ta daɗe tana goge kwalba ɗaya. "Na je ɗakin Loredana da safe in ba ta haƙuri. Na tsaya bakin ƙofa, maganar ta ƙi fita. Sai na miƙa mata kwanon na ce, ƙarfe ɗaya, kada ki makara."

Erminia ce ta haɗa kwaɗon. Loredana ɗaukowa kawai ta yi.