Jan Biro a Gefen Rajista

"In yau ma ba mu samu komai ba, ki haƙura da ni kawai," in ji Makaniki.

Auta ta harare shi. "Haƙuri a bakinka kamar ruwa. Miƙo min wancan littafin."

Wata biyu ke nan suna shan ƙura a ɗakunan ajiyar takardu, tun ranar da Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai san sunan kakansa ba. Shi kuwa Makaniki a hannun maƙwabta ya tashi. Abin da ya sani kawai, sunan mahaifiyarsa, da cewa ta rasu wajen haihuwarsa a wannan asibitin.

Ma'ajin takardun ya dire musu rajistar haihuwa ta shekarar da aka haife shi, ya koma kan kujerarsa. Auta ta dinga bin layi da yatsa har ta tsaya cak.

"Ga ta! Ga sunan mahaifinta, har da garinsu..."

Makaniki ya dafe bango, ya juya baya don kar ta ga hawayensa. "Ashe ni ma ɗan dangi ne. Yau Baba zai ji, rabin raina."

Idon Auta ya kai gefen layin. Ungozomar wancan zamanin mace ce mai son ƙarin bayani, ta cika gefen shafi da jan biro: *Uwa ta rasu. An ba mai gado na bakwai jaririn, nata ya koma. Ta shayar da shi kwana goma sha biyu.*

Auta ta gangara da yatsa zuwa layin gado na bakwai. Sunan Umma ne, ga na Baba a gefe. Ta san labarin ɗan farin da bai yi kwana biyu a duniya ba, amma Umma ba ta taɓa faɗin sauran ba. Ta ina ma za ta san jaririn ne wannan mai baƙin mai a farce?

Nono ɗaya suka sha. Babu aure.

Tsoro ya kama ta, da wani mugun tunani: bai gani ba, ita kaɗai ta karanta. Ta ɗora tafin hannu a kan jan rubutun, tana jin son shi har cikin ƙashinta.

"Me ya faru? Me kike rufewa?"

Ta daɗe kafin ta janye hannun, ta tura masa littafin.

"Zauna ka karanta," ta ce. "Zauna... Yaya."