Cokalin Sojan da ke Ganuwar Ganghwa

Shekarar ta ɓace mini, haka ma sunan shugaban masu tonon. Abin da na riƙe shi ne ana tonon tsohon sansanin yaƙi a bakin teku, a tsibirin Ganghwa, kuma Bong-rye ce mai dafa wa ma'aikata abinci.

Ran nan da almuru ta koma kwashe kwanuka. Kowa ya tafi sai tsoho Pan-su, yana wanke kayan da aka tono: harsasan dalma, ƙarafa masu tsatsa, da wani cokalin tagulla. Yunwa ta kama ta, ga ragowar shinkafa, cokula kuwa duk an ɗaure su. Sai ta ɗauki na tagullar.

"Uwar Chun-ja, cokalin mutane ne fa," in ji Pan-su.

"Mai shi ya zo ya karɓa mana, Kawu."

Ta ci loma biyu. Iska ta ɗauke mata gyale, sai Bong-rye ta soka cokalin tsaye a cikin shinkafar, ta bi gyalen da gudu. Ta manta ba a tsayar da cokali haka sai in matattu ake kira su ci.

Kwaɗi suka yi shiru. Wari ya taso, irin na auduga tana ƙonewa.

Pan-su ya fizgo ta suka durƙusa, bayansu ga kwanon.

"Kin kira su," ya ce da raɗa. "Kada ki juya. Ba a kallonsu suna ci."

Takun takalman ciyawa ya sauko daga ganuwa. Ɗaya. Wani a bayansa. Wasu kuma, jiƙe da ruwan teku, suna ɗiga.

Cokali ya fara ƙwanƙwasar kwano.

"Su nawa ne, Kawu?"

"Sun fi shinkafar. Cire cokalin ki rufe kwanon kafin ta ƙare. In ta ƙare, mai dafawa za su bi gida."

A gida akwai 'yarta Chun-ja, tana barci ita kaɗai.

Bong-rye ta runtse ido, ta ja gwiwa da baya. Zafi yana dukan wuyanta. Wani yana numfashi kusa da kunnenta.

Cokalin ya soma kankare gindin kwano.

Ta lalubo shi. Akwai hannu a kai, mai zafi kamar garwashi.

"Ku yi haƙuri, iyayena," ta ce. "Gobe zan kawo mai yawa. Nan zan kawo."

Hannun bai saki ba.

Sai ya saki.

Ta kifa murfi, suka runtuma.

Tafin hannunta ya ƙone, ya yi wata biyu yana ruwa. Daga ranar kuma, har aka gama tonon, kullum sai ta ajiye tukunya guda a gindin ganuwa, ta juya baya.

Daga baya na je na tabbatar da abu ɗaya. Yawancin sojojin da suka mutu can ranar da jiragen ruwan yaƙin Amurka suka kawo hari, tare aka binne su, domin rigunan yaƙinsu na auduga sun kama wuta a jikinsu, ba a gane fuskar kowa ba.