Muryar Mai Shan Inuwa

Matoniya ta fara aiki da ƙarfe goma na safiyar Talata. Hula ce ta siraran wayoyi, an kifa ta a kan Malam Haladu, tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar tsohon firiji. A jikin bango hoto ya fara fitowa: wata rijiya a bayan gari, samari riƙe da fitilu, da wani ƙato cikin rigar dodo ta fatar akuya yana fifita da kwali saboda zafi. Abin da tsohon ya gani da idonsa ke nan shekara hamsin da biyu da suka wuce, lokacin da ake ɗaukar fim ɗin Mai Shan Inuwa. Ƴarsa Saude tana tsaye bayan kyamara.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san fim ɗin. Labarin wani abu ne da ya faɗo daga sararin samaniya cikin rijiya, yana fitowa da rana tsaka ya shanye inuwar mutum, mutumin ya bushe a tsaye. Rigar dodon kam, yaran yanzu dariya suke mata. Muryarsa ce ta ƙi tsufa. Ihu ne guda ɗaya, dogo, wanda ko a wannan zamani da motocin haya ke shawagi tsakanin benaye masu hawa saba'in, in aka kunna shi sai ka ga babban mutum ya waiwaya bayansa.

Shirye-shiryen bayan fage har biyar aka yi a kan fim ɗin, kowanne da tasa ƙaryar. Wannan ya ce kukan kura aka juya, wancan ya ce injin markaɗe ne, na baya-bayan nan ya ce wata manhaja ce daga ƙasar waje. Babu wanda ya ambaci Haladu, alhali shi ne mai ɗaukar sauti, kuma shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka yi aikin. Wannan ne ke cin Saude. Likita ya gaya mata tunanin mahaifinta ya soma zuba, watanni suka rage. Tashar da ta ba ta aikin shiri na shida kuma ta ce in Juma'a ta yi ba ta kawo asalin muryar ba, za a miƙa wa injin tsara shiri ya haɗa nasa daga waɗancan biyar ɗin. Ta sha tambayar tsohon da baki. Kullum sai ya ce Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya koma zancen tsadar gero.

Yadda Matoniya ke aiki ba wuya. Ana yi wa mutum tambaya, ita kuma tana bin hanyoyin da suka motsa a ƙwaƙwalwarsa, ta kwashe abin da ke ajiye ta mayar da shi hoto da sauti. Inda ƙwaƙwalwa ta motsa da ƙarfi amma baki ya yi shiru, sai ta ɗauka tunani ne ya maƙale, ta sa masa jan tambari, ta tona har saiwa. Injiniya Tasi'u, mai kula da ita, ya faɗa wa Saude tun farko cewa abin da aka kwasa yakan dusashe kwana biyu ko uku sannan ya dawo, amma ga tsofaffi ba su da tabbas sosai. Ta ji shi da kunne ɗaya.

Ranar Laraba tsohon ya manta sunan daraktan fim ɗin, amininsa na shekara talatin. Saude ta lura, ta ce wa kanta ai zai dawo. Ranar Alhamis Tasi'u ya nuna mata jan tambari ƙato a allonsa, ya ce duk sanda aka ambaci muryar nan wurin yake kamawa da wuta.

Waɗanda suka ƙera Matoniya mutanen wata ƙasa ce, inda in mutum ya yi shiru to mantuwa ya yi. Su ba su da laifi. Saude ce ya kamata ta san wani irin shirun, don a cikinsa ta girma. Ita ce ƴar fari. Tsawon rayuwarta mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba, har ta yi furfura “yarinyar nan” ce. Mahaifiyarta Kubura, wadda ta rasu wurin haihuwarta, ko sau ɗaya Saude ba ta ji sunanta a bakinsa ba. Amma mai neman abu ido rufe ba ya lissafi.

Ta durƙusa a gabansa ta ce, “Baba, saura tambaya ɗaya.”

Ya dubi bango ya ce, “Yarinyar nan, akwai tukunyar da ake bari a rufe.”

“Baba, gobe za su ba inji aikinka. Za a binne sunanka kana raye. Ni ba zan iya gani ba.”

Kuka ya ƙwace mata. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki hular ya ɗora a kansa. Saude ta ɗauka yarda ya yi. Kukanta ne kawai ya kasa jurewa.

Hoton da ya fito ba na rijiya ba ne. Zauren wani gida ne da la'asar, Haladu yana matashi a zaune kan tabarma, yana gwada sabon dogon makirufo da aka ba shi. Mata na wucewa da ruwan zafi, ba mai kallonsa. Sai hoton ya koma safiyar ranar: wata matashiyar mace mai wushirya, hannu a ƙugu, ciki ya tsufa, ta leƙo zauren ta yi masa murmushi ta koma. Saude ba ta taɓa ganin mahaifiyarta tana motsi ba.

Tun safe Kubura ke naƙuda ba wanda ya ji ko nishinta, matan gidan suna ta yaba dauriyarta, don a lokacin abin kunya ne a ji muryar mace a haihuwar fari. Sau ɗaya tak abin ya fi ƙarfinta. Ihun ya ratso katanga ya shiga makirufon da aka manta a kunne, ya cika ɗakin da Saude ke tsaye. Ba a ja shi ba, ba a ƙara masa amo ba, amma duk ɗan Kano zai gane shi. Bayansa kukan jaririya, bayan wannan salatin mata.

Hoton ya tsallaka ɗakin tace fim, mako uku bayan rasuwar. Haladu ya miƙa katin sauti bai saurara ba. Mai tacewa ya ci karo da ihun ya zabura, maza bakwai suka juyo suna tambayar ina ya samo wannan abin arziki. Ta yaya zai buɗe baki a gaban maza ya ce muryar matarsa ce a kan gwiwa? Ya sunkuyar da kai ya ce a hanya ya tsinta. A gabansa aka ja ta, aka kaurara ta, aka sa wa dodo.

Saude ta ce wa Tasi'u ya kashe. Ya ce in aka yanke a tsakiya tsohon na iya rasa magana gaba ɗaya, kuma na'urar ta riga ta kama saiwa, duk abin da ke ɗaure da ranar nan sai ta bi shi. Ta kama rigarsa tana roƙo kamar shi ya ƙera ta. Hotuna suka riƙa gudu a bango: jaririya a bayan gwaggo, yarinya da allo, budurwa da kyamararta ta farko, amarya ana fita da ita. Duk a gefen hoton take, ba a tsakiya ba, don da wutsiyar ido ya kalle ta shekara hamsin da biyu. Kuma ba ranar da bai kalle ta ba. Minti bakwai aka yi, na'urar ta yi shiru.

Da aka cire hular, Malam Haladu ya ɗago ya dubi Saude cikin ido, ya karanta katin aikin da ke wuyanta, ya ce, “Sannu da aiki, Malama Saude.”

Tasi'u ya ce a ba tsohon kwana uku, tunaninsa zai dawo. Aka ba shi wata uku, bai dawo ba.

Shirin ya fita, don tun suna ɗakin, na'urar ta aika wa tashar da duk abin da ta kwasa. An ce ba a taɓa yin irinsa ba. Sunan Haladu ya shiga littattafan makaranta, ana ma maganar sa wa wani titin sama sunansa. Saude ta kai masa shirin gida, ta zauna a gefen tabarmarsa, wurin da a da ba zai yarda ta zauna ba. Ya kalla daga farko har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce lallai wannan bawan Allah ya ga jarrabawa, Allah ya sa yarinyar ta rayu.

Da ta tashi tafiya ya rako ta har bakin ƙofa, ya yaba hankalinta da yadda take zuwa duba tsohon da ba ta haɗa komai da shi ba.

“In kin je gida,” ya ce, “ki gaishe min da babanki.”