Ƙanwar Abokin Hamayya

Ina tsaye a kan ɗan benci, allura a hannu, ina ɗinke kafaɗar rigar Nico da ta ɓarke, sai na ji ya kama yatsuna ya riƙe.

"Hannunki sanyi ƙalau, Ligaya."

"Saki mana, yanzu za a kira sunanka."

Bai saki ba. Sai ma ya ja hannun ya ɗora a ƙirjinsa, na ji zuciyarsa na bugu kamar ana daka a turmi.

"Ce min wani abu, Ligayata... ko na ƙarya ne."

Na buɗe baki ke nan, yayana ya shawo kwanar lungun da 'yan wasa ke jira.

Kuya Efren, haka muke kiran babban wa da harshenmu, ya tsaya cak a kan takalman ƙanƙararsa. Ya kalli hannuna, ya kalli ƙirjin Nico, sannan ya kalli fuskata. Ya juya ya koma ta inda ya fito.

Ni dai ban san yadda aka yi na ƙulle zaren nan ba.

Ranar ce ranar farko ta gasar ƙasa ta zamiya a kan ƙanƙara, kuma duk wanda ke bibiyar wasan a Manila ya san cewa a ɓangaren maza, kambun na tsakanin mutum biyu ne. Ga yayana, wanda ya daɗe yana riƙe da shi, ga kuma Nico, ɗan Cebu, wanda bara ƙiris ya rage ya ƙwace. Wanda ya yi nasara shi zai wakilci ƙasa a gasar nahiya. Kuya kuwa gwiwarsa ta fara gajiya, likita ya riga ya gaya masa wannan ce shekararsa ta ƙarshe.

Ni tela ce. A kan rigunan Kuya na koyi ɗinki, don babu telan unguwarmu da ya iya yi masa rigar da ba za ta yage ba idan ya miƙa hannu. Da kaɗan-kaɗan sauran 'yan wasa suka fara kawo min nasu. Haka Nico ya zo shagona awon riga. Ya dawo wai wuyan ya matse shi. Ya sake dawowa wai wuyan ya yi masa yawa. Ranar da ya zo ya ce maɓallin bai masa ba, na tuna masa rigar ba ta da maɓalli ko ɗaya, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to in zo mu je shan wani abu mai sanyi.

Daga nan muka fara, amma a ɓoye. Ban ga ta inda zan fara gaya wa Nanay ba, wato Mama da harshenmu.

Mahaifiyarmu, Nanay Soledad, abinci take sayarwa a bakin tashar motocin haya. Tun rasuwar mahaifinmu ita ce ke tashi da asuba ta raka Kuya filin ƙanƙarar da ke cikin babban kantin nan, kafin a buɗe wa masu sayayya. Tana zaune a cikin sanyi da tsohuwar rigar mijinta har yaron ya zama zakara. A wurinta, duk wanda ya tsaya a gaban ɗanta, to gabanta ya tsaya.

Aka yi gajeren wasa a ranar, wato zagayen farko, babban sai washegari. Nico ya zo na ɗaya, Kuya na biye da shi da ɗan tazara.

Da yamma muka koma gida, ban ko ajiye jaka ba Nanay ta kira ni madafa. Ashe labari ya riga ni. Ba ma Kuya ne ya faɗa ba, Charisse ce, wata tsohuwar 'yar wasa da ke koya wa yara a filin, wadda kowa ya san idonta na kan Nico tun zuwansa. Ta samu Nanay a wurin zama ta raɗa mata cewa Nico ba sona yake ba, ya raɓe ni ne don ya ji sirrin gidanmu. Wai ni na gaya masa ciwon gwiwar Kuya, ni na gaya masa sabon tsallen da yake koyo.

"Da gaske ne?" Nanay ta tambaya, tana juya miya ba tare da ta dube ni ba.

"Ina sonsa, Nanay. Wannan kaɗai ne gaskiya a maganarta."

"Duk mazan garin nan, sai wanda ya zo raba yayanki da abin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai?"

Na ce mata ba a shawara da zuciya. Ta ce ita ma ba ta yi shawara da kowa ba da ta haife ni, don haka gobe in zauna kusa da ita, in yi shiru, kuma bayan gasa kada ta ƙara jin sunan yaron a gidanta.

Kuya na zaune a falo da ƙullin ƙanƙara a gwiwa, yana jin komai. Ko leƙo madafar bai yi ba. Hakan ya fi faɗan Nanay yi min ciwo.

Washegari da safe, bayan atisaye, Nico ya same ni a bene na biyu, inda masu sayayya ke jingina da ƙarfe suna leƙen filin. Na gaya masa yadda muka yi da Nanay. Ya daɗe yana kallon ƙanƙarar da ke ƙasanmu.

"Na san abin da zan yi," ya ce. "Zan cire tsallen nan mai juyi huɗu. In na yi mai uku, makina ba zai kai nasa ba. Babu wanda zai gane, cewa za a yi tsoro ya kama ni."

"Me ka ce?"

"Ni ina da baɗi, masoyiya. Shi ba shi da ita. In ya ci, Nanay ba ta da sauran dalili..."

Na san don ni yake yi, kuma wani ɓangare na zuciyata ya narke. Amma sauran ya tafasa. Na ce masa bai san yayana ba. Ya ce ya riga ya yanke shawara, ko kocinsa ba zai gaya wa ba. Ya shafa gefen fuskata ya tafi.

Na tsaya ina ta saƙe-saƙe. In na yi shiru, Kuya zai ci, Nanay za ta huce, ni kuma in samu Nico. Komai zai tafi daidai, sai dai zan rayu ina kallon lambar zinare a bangon falonmu, ina sane da cewa ba ta halal ba ce.

Na sauka da gudu.

Na samu Kuya a bakin fili yana naɗe gwiwarsa da bandeji. Na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, daga awon riga har zuwa abin da Nico ya faɗa yanzu. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ya tashi ya nufi lungu, ina binsa ina ba shi haƙuri. Nico na zaune yana goge ƙarfen takalminsa. Kuya ya tsaya a kansa.

"Kai, ɗan Cebu. Wa ya ce maka sadaka nake nema?"

Nico ya miƙe. "Kuya, ba haka..."

"Yi min shiru. Tun kana wasa da ƙasa nake faɗuwa a kan ƙanƙarar nan. In zan sauka, so nake wanda ya fi ni ya sauke ni. In ka cire tsallen nan yau, ƙafarka ba za ta taɓa taka gidanmu ba, ko da Nanay ce ta kira ka da kanta."

"In kuma na yi shi fa?"

"In ka yi shi ka tsaya da ƙafarka, ka zo ranar Lahadi. Ni zan buɗe maka ƙofa."

Ya juya zai tafi, na tare shi na ce maganar Charisse fa, ya yarda da ita? Sai ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin a fara shirin gasa. Ya ce wane sirri? Gwiwar da yake naɗewa a gaban kowa kullum? Ko tsallen da duk mai zuwa sayen takalmi a kantin nan ya ga yana faɗuwa a kansa? Ya ce shi fushinsa ɗaya ne, yadda ya zama na ƙarshe da ya sani, alhali shi ya goya ni.

Na rungume shi na jiƙa masa riga da hawaye, ya ce in sake shi, ni zan wanke.

Da azahar wuri ya cika. Kujeru sun ƙare, mutane sun yi dafifi a kowane bene da ledojin sayayyarsu. Na zauna kusa da Nanay kamar yadda ta ce.

Kuya ne na biyun ƙarshe. Ya fito cikin shuɗiyar rigar da na ɗinka masa, aka saki tsohuwar waƙar soyayyar nan da mahaifinmu ke so. Ban taɓa ganin yayana ya yi wasa haka ba. Yana tafiya a kan ƙanƙara kamar ruwa na bin gangare, in ya tashi sama sai ka manta akwai ciwo a jikinsa. Sau ɗaya gwiwar ta ci amanarsa, ya dafa ƙasa da hannu, ya miƙe ya ci gaba. Da ya shiga juyin ƙarshe yana wulwulawa kamar katantanwa, jama'a sun riga sun miƙe tsaye. Nanay na ta share ido da gefen mayafinta.

Alƙalai suka ba shi makin da bai taɓa samu ba.

Sai aka kira Nico.

Ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga kai ya nemo ni. Na gyaɗa masa kai kaɗan.

Kiɗa ya tashi. Ya zagaya da baya yana ƙara gudu, na san lokacin ya zo. Sai na ji an damƙe min hannu da ƙarfi har farce na shiga fatata. Nanay ce. Idonta na kan yaron, leɓɓanta na motsi da addu'a.

Ya tashi.

Ya juya, ya juya, ya juya, ya ƙara...

Ya dira a kan ƙafa ɗaya, ƙanƙara ta yi feshi, bai ko girgiza ba.

Wurin ya kaure da ihu. Nanay ta yi sauri ta saki hannuna, ta gyara zama.

"Ba shi nake wa addu'a ba," ta ce. "Tsoro nake kada ɗan mutane ya karye a gabana."

Nico ya ci. Da aka hau dandamalin karɓar lambobi, Kuya da lambarsa ta azurfa a wuya shi ya fara kama hannun Nico ya ɗaga sama. Fuskarsa fes, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

Muna fita Charisse ta taso da fuskar jimami, wai ta zo yi wa Nanay jaje. Nanay ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ɗanta lafiyarsa ƙalau, 'yarta ma haka, in akwai mai buƙatar jaje a wurin nan to ba su ba ne. Ta ja hannuna muka wuce.

A mota ta kau da kai tana kallon titi. Amma ranar Asabar na ga ta sayo kaji, ta kuma sa an sauke labulen falo an wanke.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Nico ya iso da iyayensa, sun taho tun daga Cebu da busasshen mangwaro da gasasshen kifi. Kuya ya buɗe ƙofa kamar yadda ya yi alkawari. Nico ya rusuna ya kama hannun Nanay ya ɗora a goshinsa, kamar yadda ake gaida manya a wurinmu.

Aka ci aka sha. Mahaifinsa ya gabatar da abin da ya kawo su cikin ladabi. Ni ina bakin madafa, ina murza gefen siket ɗina.

Nanay ta ajiye cokali, ta zuba wa Nico ido.

"Ka raba ɗana da zinare, yanzu kuma ka zo ɗaukar 'yata?"

Nico ya sa hannu a aljihu ya fito da lambar, ya ajiye a gabanta.

"Tita, wannan zan iya dawo da ita. Ligaya ce ba zan iya ba."

Kuya ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Nanay ta ɗauki lambar ta jinjina ta a tafin hannu. Sannan ta miƙe, ta rataya masa a wuya, ta gyara masa zaman igiyar.

"Riƙe abinka, da guminka ka samu. Efren zai bi ka gasar nahiya ya riƙa duba min kai, in kun dawo sai a sa rana." Ta ɗan ja kunnensa. "Kuma ka daina ce min Tita, wai gwaggo, kamar wani baƙo."

"To me zan ce?"

"Me ka ji suna cewa?"

Ya dube ni, idonsa ya ciko.

"Nanay," ya faɗa a hankali.

"Yawwa. Tashi ka taya matarka kwashe kwanuka."