Dutsen da Bai Bushe Ba

"Matthes, don Allah ka sauko! Dutsen nan bai bushe ba!"

Henrike na tsaye a gindin dutsen, igiyar da ke ƙugunsa tana hannunta, yatsunta sun ƙage da sanyin Janairu. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Elbe ya san dutsen yashi in ya sha ruwa, gari yake komawa a hannu.

"Gunnar ya ce jiya ya hau, a bushe yake ƙayau," in ji Matthes daga sama. "Kwantar da hankalinki, abar ƙaunata."

Gunnar! Ɗan gaban goshin babanta, wanda sau biyu tana ƙin tayinsa na aure...

Babanta, Eckhard, shekara arba'in yana hawan duwatsun nan. Ranar Kirsimeti ana cikin cin abinci ya dubi Matthes a yatsine.

"Au, kai ne mai hawan bangon roba a ɗaki mai ɗumi? Wannan za ki kawo mini, Henrike?"

Kowa ya yi dariya, ban da Matthes.

"Ba sai ka burge kowa ba!" Henrike ta sake ɗaga murya daga gindin dutsen. "Ni ai ka riga ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Inda ya kama ya ɓantare. Ƙullin igiyar da ya cusa a tsagar dutsen don ya tare shi ya fizge, ya faɗo tim a gabanta.

A asibitin Dresden likita ya ce ya tsira, amma shi da tafiya har abada. A ranar Gunnar ya amsa cewa ko kusa da dutsen bai je ba.

"Ki tafi," Matthes ya ce mata, fuskarsa na kallon bango. "Ba zan mai da ke 'yar jinya ba."

"Masoyina..."

"Na ce ki tafi!"

Wata biyu tana zuwa, yana hana a buɗe mata. Ta rame, ta daina yi wa babanta magana.

Wata safiya Eckhard ya je da kansa. Ya daɗe tsaye, hula a hannu.

"Ba dutse ya kayar da kai ba, ɗana. Bakina ne." Ya sunkuyar da kai. "Ka tsane ni, na cancanta. Amma ita me ta yi maka? Tana waje tun ƙarfe bakwai."

Matthes ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa har kunne.

"Ka ce ta shigo."

Ta durƙusa a bakin gadon, ta kifa kai a ƙirjinsa.

"Ba ni da ƙafa, Henrike..."

"Da ƙafarka na yi alkawari? Yi mini shiru!"

A watan Mayu aka ɗaura auren. Eckhard ne ya turo keken ango har gaban mai ɗaurin aure, ya koma kujerar baya ya zauna shi kaɗai, yana kuka.